Ƙarfafa shasin Hilux kafin a ɗora mata bamba mai winci: walda ko noti?

Manomin Giwa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙarfe da aikin mota a wannan zaure. Ina zaune a Tudun Wada, Zariya, amma gonata tana can gaba da Giwa, kuma kilomita shidan ƙarshe na hanyar burji ne da ke ratsa fadama biyu. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba wurin yakan zama taɓo zalla. A daminar bara sau uku motata tana kafewa a can, kuma a karo na uku sai da ta kwana a cikin laka da buhu 12 na taki a bayanta, har washegari da muka samu tarakta ta janyo ta.

Motar Hilux ce ƙirar 2012, mai fowil, wato mai ja da taya huɗu, mai injin fetur 2.7, kuma a hannu na saye ta shekara huɗu da suka wuce. Bana ƙanena ya sayo mini winci daga Legas, wato na'urar da ke naɗe igiya ta janyo mota idan ta kafe, wanda aka rubuta wa ƙarfin fam 9,500, kuma ina so a ƙera mini bambar ƙarfe da za ta ɗauke shi kafin ruwa ya zauna.

Na tuntuɓi masu walda biyu, sai suka ba ni shawarwari masu karo da juna. Na farko ya ce zai yanka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 8, ya haɗa bambar, sa'an nan ya liƙe ta da walda kai tsaye a bakin shasi hagu da dama, domin a cewarsa abin da aka yi wa walda ba ya kwancewa. Na biyu kuwa ya ce babu buƙatar taɓa shasin ko kaɗan, zai ɗaura sabuwar bambar ne a ramukan da tsohuwar take, da notinta na asali.

Hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Shin bakin shasin wannan mota zai iya jure jan winci yadda yake, ko sai an ƙarfafa shi? Idan za a ƙarfafa shi, da walda za a yi ko da noti, kuma wane kaurin ƙarfe ya dace? Sa'an nan motar tana da jakar iska ta direba da ta fasinja, ina tsoron kada aikin ya lalata su, domin da ita nake ɗaukar iyalina zuwa Kaduna. Allah ya saka da alheri.

Injiniya daga Samaru ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ka tsaya tambaya, domin duka shawarwarin biyu suna da gyara, kuma dalilinsu ɗaya ne: masu waldan suna kallon bambar ne, alhali kuwa abin dubawa shi ne hanyar da ƙarfin jan zai bi daga winci ya shiga jikin shasi.

Bari mu fara da lissafi. Fam 9,500 ya kai kusan kilo 4,300. Ƙa'idar da masu wannan harka suke bi ita ce winci ya kasance yana da ƙarfin da ya kai nauyin mota da cikakken lodinta sau ɗaya da rabi. Idan muka ɗauka motarka da kayanta ta kai kilo 2,800, to ana neman kilo 4,200 ke nan, saboda haka ƙanenka ya yi zaɓi mai kyau, kuma kada wani ya sa ka canza shi da mai fam 12,000, domin ƙarin ƙarfin nan shasinka ne zai ɗauke shi. Sai dai ka riƙe a ranka cewa duk abin da za a ƙera dole ne ya jure fiye da tan huɗu ana jansa gaba, wani lokaci a karkace, wani lokaci da fizga. Ranar da ka yi amfani da fuli, wato 'yar gargaren da igiya ke zagayawa a kai, ka ninka igiya, ka kuma maido ƙugiyar ka maƙala ta a jikin bambar, abin da maɗaurinta zai ji ya kusa tan takwas da rabi.

Ramukan tsohuwar bamba ba a yi su domin wannan ba. An yi su ne su riƙe roba da siririn ƙarfen da ke bayanta, kuma ƙarfin da aka tsara wurin ya karɓa na turi ne daga gaba idan an yi karo, ba na ja ba. Shawarar mai walda na biyu ta faɗi a nan.

Ta mai walda na farko kuma tana da illa uku. Shasin Hilux a gaba akwati ne rufaffe, kuma kaurin bangonsa bai wuce kimanin milimita 3 ba. Idan aka haɗa ƙarfen milimita 8 da na milimita 3 da walda zagaye, mai kaurin ba ya lanƙwasa ko kaɗan, saboda haka duk motsi yana taruwa ne a gefen waldar, daidai wurin da zafi ya riga ya raunana siririn. A can tsaga take farawa, kuma ba lallai ne a lokacin jan mota ba. Girgizar hanyar burji ma ta isa, tun da an rataya wa hancin motar nauyin da zai iya kai kilo 90 ko fiye. Na biyu, ranar da za a cire lagireto ko a gyara wani abu a gaba, sai an sa giranda an yanke. Na uku, idan bambar ta daki wani abu, babu abin da zai saki, shasin ne zai karkace.

Abin da nake ba da shawara shi ne a raba aikin gida biyu. A fara ƙera mazaunin winci shi kaɗai: faranti mai kaurin milimita 6, wanda aka lanƙwasa gefensa na gaba da na baya domin kada ya lotsa, ya haɗa ƙafafun shasin biyu kamar gada. Yawancin winci masu wannan girma ramukan zamansu huɗu ne, a tazarar milimita 254 da milimita 114, amma a auna naka kafin a huda. Daga wannan mazauni sai a fitar da hannu biyu, su ma na milimita 6, su kwanta a jikin shasi ta gefe, su miƙe baya iyakar inda wuri ya bari, a ɗaure kowanne da noti aƙalla uku ko huɗu masu girman M12, wato kaurin milimita 12. Fatar bambar da ake gani daga waje kuwa milimita 3 ta wadatar, tun da ba ita ke ɗaukar jan ba, kuma duk kilon da aka rage a nan sifirin gaba ne ya huta.

Dalilin miƙa hannuwan baya yana da muhimmanci, bari in tsaya a kansa. Da wuya igiya ta fita daidai tsakiyar shasi. Yawanci winci yana zama sama da shi. Mu ce igiyar ta fita santimita 15 sama da layin shasi. Wannan tazara tana mayar da bambar kamar gudumar kafinta da ake cire ƙusa da ita, tana neman juya maɗaurin, ba jansa kawai ba. Idan notin da ke riƙe da ita suna cunkushe a tazarar santimita 7 da rabi, ƙarfin juyawar da za su yi kokawa da shi ya ninka jan wincin sau biyu, wato kilo 8,600. Idan aka baza su zuwa santimita 30, sai ya sauka zuwa kilo 2,150. Ƙarfe ɗaya ne, noti ɗaya ne, tazara kawai aka canza. Saboda haka a zaunar da wincin ƙasa-ƙasa, kusa da layin shasi, kuma a janyo shi baya kusa da mota gwargwadon iko, ba tare da ya toshe wa lagireto iska ba.

Abu biyu game da notin. Duk notin da zai ratsa shasi daga wannan bango zuwa wancan, dole a saka masa guntun fayif mai kauri a cikin akwatin, wanda tsawonsa ya yi daidai da faɗin ciki. In ba haka ba, ana ɗaurewa bangon biyu za su matso juna, notin ya yi sako-sako bayan mako biyu, ramin ya fara buɗewa. Sa'an nan a dubi kan kowane noti a ga lamba 8.8 ko 10.9 mai nuna ƙarfinsa, wanda babu lamba a kansa na ƙofa da taga ne. A yi amfani da ramukan da kamfani ya riga ya huda a shasin duk inda ya yiwu, idan kuma sai an yi sabo, a yi shi a tsakiyar bangon gefe, kada a huda saman shasi ko ƙasansa.

Batun jakar iska kuwa, gaskiya zan faɗa maka. Bakin shasi yana da wasu lotsa-lotsa da aka yi da gangan domin ya murƙushe a hankali idan an yi karo, kuma da wannan murƙushewar aka daidaita lokacin da jakar za ta buɗe. Kamfanoni irin su ARB na Ostireliya suna ƙera maɗauran bambarsu da sashen da ke murƙushewa, suna kuma gwada su. Mu a nan ba mu da wurin gwaji, saboda haka duk bambar da aka ƙera a gareji za ta sauya halin gaban motar, ko da noti aka ɗaura ta. Abin da za ka iya yi shi ne kada a cike lotsa-lotsan da walda, kada a matsar da na'urorin jin karo daga inda suke, kada a taɓa wayoyinsu, kuma kowa ya ɗaura bel idan kun hau hanyar Kaduna.

Tsohon mai walda, Sabon Gari, ya rubuta:

Assalamu alaikum. Injiniya, Allah ya ƙara ilimi, na karanta bayaninka har ƙarshe kuma ban ga abin da zan musa ba game da ɗaura bambar da noti. Inda nake so in ƙara magana shi ne, ka yi bayani kamar shasin sabo ne, alhali mai tambaya ya ce a hannu ya sayi motar, kuma ta shekara fiye da goma tana aiki. Na fi shekara talatin ina wannan sana'a, kuma a cikin irin waɗannan motoci da ake kawo mini, da yawa an taɓa buge musu gaba, fanel bita ya gasa bakin shasin da wuta ya miƙe shi, ya shafe da baƙin fenti. Wasu kuma laka ta shige cikin akwatin ta zauna shekara da shekaru, tsatsa ta cinye shi daga ciki, waje kuwa sumul. Idan ka ɗaura noti mai lamba 10.9 a kan irin wannan, notin zai tsaya lafiya, ya fito da guntun shasin a jikinsa.

Saboda haka, Alhaji, kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ka kai motar a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, a zura tiyo cikin ramukan shasi har sai ruwan ya fito fari. A cire tsohuwar bamba, a kankare fenti daga baki har zuwa inda hannun taya yake ɗaure. A bi wurin da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa: ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda ya ruɓe kuwa amonsa a dushe yake. A kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwa a giciye, domin a tabbata ƙafafun biyu ba su karkace ba.

Idan an samu tsaga ko wurin da ya yi siriri, a nan walda take da aiki, kuma akwai yadda ake yin ta. Tsagar za a huda mata ƙaramin rami a kowane ƙarshe domin kada ta ci gaba, a buɗe bakinta da giranda, a cike, a goge ya yi daidai. Sa'an nan a ɗora faci a kai. Facin kada ya fi milimita 3 ko 4, wato kusa da kaurin shasin kansa, kuma kada a yanka shi murabba'i. A fiƙe ƙarshensa biyu kamar bakin mashi, a dakushe tsinin, domin kada a samu layin walda da ya tsaya a miƙe daga saman shasi zuwa ƙasa. Layi irin wannan, ko da ya yi kyau a ido, ka riga ka zana wa shasin inda zai karye. A huda wasu ramuka a tsakiyar facin a cike su da walda, domin ya kama a ciki, ba a gefe kawai ba. A yi waldar guntu-guntu a bin tsawon shasi, ana tsallakewa daga wannan gefe zuwa wancan, ana bari ya huce da kansa. Na sha hana yarana watsa wa walda ruwa domin sauri, saboda yana sa ƙarfen ya yi gautsi.

Game da ilaktirod, wato sandar walda, wanda ya cika kasuwa shi ne 6013, kuma yana da kyau ga ƙofa da gado. A aikin shasi da mazaunin winci na fi son 7018, amma yana da sharaɗi: ba ya son laima, dole a ajiye shi a bushe, kuma yana son inji mai wuta tsayayya. Ka tambayi wanda zai yi maka aikin ko ya saba da shi. Idan ya ce duk ɗaya ne, ka nemi wani, a nan Zariya ko a Panteka ta Kaduna, akwai waɗanda suka iya.

Kafin a kunna inji, a cire kan batir duka biyu, a zare soket ɗin kwamfutar motar da muke kira birenbokis, a maƙala wayar at, wato wayar injin walda da ake kama jikin ƙarfe da ita, kusa da wurin da ake aiki, a kuma kare bututun birki da na mai da jiƙaƙƙen buhu. Bayan an gama a shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje, kuma kada facin ya toshe ramukan da ruwa yake fita ta ƙasa.

Direban daji ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ne, ba kuma mai walda ba, amma na yi shekara tara ina tuƙa Land Cruiser a wani aikin haƙar rijiyoyin burtsatse, kuma na ga abin da Baba mai walda yake faɗa da idona. Wata rana a cikin Agusta, a wata fadama ta wajen Soba, motar abokin aikina ta nutse har ciki. Bambarta ƙatuwa ce, duk wanda ya gan ta sai ya yaba, amma da noti biyu-biyu aka ɗaura ta a can bakin shasi, babu fayif a ciki. Babu bishiyar da ke daidai gabanmu, sai wata ɗorawa da ke gefen dama, saboda haka jan ya zo a karkace, kusan duk nauyin ya koma ƙafar shasi ɗaya. Mun ji ƙara sau biyu, a na uku sai gefen hagu ya yage, bambar ta juyo ta fasa fitila da lagireto, igiyar kuma ta yi tsalle ta wuce inda wani yaro yake tsaye minti ɗaya kafin nan. Da muka duba, notin ko lanƙwasa ba su yi ba, ramukan shasin ne suka tsage har baki.

Abin da zan ƙara a kan maganar manya shi ne, tun da za a yi aikin, a haɗa da kunnuwan ja guda biyu masu kauri, ɗaya a kowane gefe, waɗanda suka fito daga hannuwan da ke ɗaure a shasi, ba waɗanda aka liƙa a fatar bamba domin ado ba. Zoben nan siriri da motar ta zo da shi a ƙasa, na ɗaure ta ne a kan tirela ko jirgin ruwa, kada a ja ta da shi daga taɓo. Kuma komai ƙarfin aikin da aka yi, a haƙe lakar da ke gaban tayoyi kafin a fara ja, a jefa bargo ko tabarmar mota a tsakiyar igiya, a kori jama'a nesa. Idan bishiyar tana gefe, a sa fuli a miƙar da jan.

Injiniya daga Samaru ya rubuta:

Baba, na karɓi gyaranka, kuma ya kamata a ce da shi na fara. Lissafina duka ya ginu ne a kan shasi mai lafiya. Abu ɗaya kawai nake roƙo a kiyaye idan an zo ɗora facin: ya tsaya a kan wurin da ya lalace da inda notin za su zauna, kada a shimfiɗa shi a kan lotsa-lotsan baki idan su lafiyarsu ƙalau. Malam mai tambaya, ka kuma auna tsayin motar daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi kafin aiki da bayansa. Hilux ta wannan zamani sifirin naɗi take da shi a gaba, kuma idan hancinta ya sauka fiye da santimita 2, ka nemi sifirin da aka yi domin ɗaukar ƙarin nauyi, sa'an nan a sake daidaita tayoyin gaba. Notin kuma a sake bin su da sifana bayan tafiyar mako guda, da kuma bayan kowane ja mai tsanani.

Manomin Giwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na gode muku baki ɗaya, Allah ya biya ku. Na dawo ne in ba da rahoton abin da aka gani, domin wanda zai zo da irin tambayata nan gaba.

Ranar Asabar na kai motar aka wanke ƙarƙashinta kamar yadda Baba ya ce, kuma lakar da ta fito daga cikin shasin ta kusa cika bokiti. Da aka kankare fenti, ƙafar hagu lafiya lau take, amma ta dama an taɓa gasa ta an miƙe, abin da wanda ya sayar mini da motar bai faɗa mini ba, kuma akwai tsaga mai tsawon kusan santimita 4 a bayan maɗaurin tsohuwar bamba. Da na bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin farko, a kan wannan tsagar za a rataya wincin. Awon giciye ya nuna bambancin milimita 3 kawai, wanda bakaniken ya ce ba matsala ba ne.

Na samu mai walda na uku wanda ya saba da 7018, na karanta masa bayanan nan daga farko har ƙarshe. An gyara tsagar, an ɗora faci na milimita 3 mai bakin mashi, an zana hannuwan a kwali an gwada kafin a yanka ƙarfe. Mun samu ramuka biyu na kamfani a kowane gefe, za a ƙara ɗaya sabo, kuma tazarar daga noti na farko zuwa na ƙarshe ta kai santimita 26. Notin 10.9 ba mu same su a wurin da muka fara nema ba, sai na aika Ƙofar Ruwa a Kano.

Abu ɗaya ya rage mana. Ramin baya na gefen dama ya faɗo kusa da bututun birki, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi yatsa ɗaya ba, kuma mai waldan yana so ya ɗan lanƙwasa bututun ya kauce. Ni kuwa na fi son a matso da wannan ramin zuwa gaba da santimita 3, ko da tazarar notin za ta ragu zuwa 23. Injiniya da Baba, wanne kuka gani ya fi? Na ce masa kada ya huda sai na ji daga gare ku.